Kafin ka ajiye injin fetur: kurakuran da na gaji da gani a bakin ruwan Lagdo

Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, zuwa-zuwa ya daina zama man talaka. Wannan man da ake shigowa da shi a jarka ta kan iyaka shi ne ya riƙe kusan kowane injin kwale-kwale a arewacin Kamaru, daga Lagdo har tafkin Cadi, sai ga shi ya tashi ya bar mu a ƙasa. Na gidan mai ma bai zauna wuri ɗaya ba: lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, shekara na zagayowa ta koma 840. Daga nan kowa a bakin ruwa ya shiga neman mafita. Wannan ya ce sola, wancan ya ce gas ɗin girki, wani ya ce a garwaya fetur da kananzir a huta.

Neman mafita ba laifi ba ne, ni ma ina cikin masu nema. Aikina gyaran injin jirgi, kuma ina da kwale-kwalen katako guda ɗaya da ke ɗauko kifi daga tungayen masunta. Yanzu haka rabin zirga-zirgata da injin lantarki nake yi, ba hayaƙi, ba ƙara, ba wannan kitsen mai launi-launi da ke kwanciya a kan ruwa inda mata ke wanki yara ke iyo. Abin da ya dame ni shi ne kusan duk mako sai an kawo mini inji ko batir da aka kashe ta hanyar da ni ma na taɓa kashe nawa. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskure, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, shi ne a sayi kayan lantarki ba a yi lissafin wuta ba. Ni da kaina haka na yi. Na shiga Garwa, na ga ɗan injin lantarki a kwali a wani shago, an rubuta 55 ɓaro-ɓaro a jikinsa. Zuciyata ta raya mini cewa abin da aka rubuta wa 55 ai ba zai kasa abin da mai doki 15 ke yi ba. Ban tambaya ba, mai shagon ma bai ce komai ba. Ashe wannan lambar ba ƙarfin doki ba ce, awon turi ne da laba. Injin yana jan wuta kamar amfiya 50 a kan bolt 12, wato wajen wat 600, alhali doki ɗaya wat 746 ne. Ko doki guda bai cika ba. An yi shi ne domin mai kamun ƙugiya ya lallaɓa a hankali kada ya kori kifi, ba domin jirgi mai kaya ba. Na haɗa shi da batiran babbar mota guda biyu, na dawo ina murna.

Kwana uku na farko lafiya lau, domin kusa nake zagayawa da sassafe, ruwa a kwance kamar tabarma. Rana ta huɗu, cikin watan Afrilu, na tafi wata tunga mai nisa ni da yarona, muka loda ɗanyen kifi na mutane, karfasa da giwan ruwa, kuɗin wasu ma na riga na biya. Muna juyowa bayan azahar iska ta taso daga gaba. Duk wanda ya san Lagdo ya san ba kogi ba ne, tun da aka gama madatsar a 1982 ruwa ne mai faɗi wanda igiyarsa ke tashi kamar ta teku in iska ta samu fili. Na murɗa injin har ƙarshe, jirgi yana nan inda yake, bishiyar da ke gefen hagunmu ba ta matsa ba. Can na ji ƙaurin roba. Yaron ya ce, "Maigida, waya tana hayaƙi." Na duba, robar wayar ta narke a wurin maƙalar, ƙarfen ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Kafin la'asar farfela tana juyawa kamar mai jin barci, daga nan ta tsaya. Filafili ɗaya ne a cikin jirgin. Muka riƙa karɓa-karɓa har duhu ya rufe mu, muna jin gurnanin dorina ba mu ganinta. Mun taka ƙasa bayan isha, kifin da ya wuni a zafin Afrilu ya riga ya saki. Wanda aka iya ceta aka yi banda da shi aka sayar a wulaƙance, saura aka zubar. Asarar kuɗi na biya a hankali. Abin da har yau bai bar ni ba shi ne ɗan mutane da na kai tsakiyar ruwa a kan lissafin da ban yi ba.

To ga lissafin, a riƙe shi. Inji mai doki 15 in an buɗe shi duka yana ba da kusan kilowat 11, yana shan lita 6 zuwa 7 a awa. Batirin dalma babba, mai bolt 12 da amfiya 200, a rubuce yana ɗauke da wutar kilowat 2.4 na awa guda, amma in kana son ya yi rai rabi kawai za ka ci, wato 1.2. Kenan in ka ce sai ka yi gudun mai doki 15 na awa ɗaya tak, kana bukatar irin wannan batir guda tara, kowanne ya haura kilo 50. Rabin tan ke nan kafin ka ɗora kifi ko ɗaya. Lita guda ta fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kilowat 9 na awa, kuma ko da yake injinmu ba ya mayar da ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan zuwa tafiya, abin da ya rage ya fi ƙarfin batirin dalma nesa ba kusa ba. Wanda ya ce maka lantarki zai ba ka gudun fetur da kuɗi kaɗan, ko bai sani ba ko yana son kuɗinka.

Inda lantarki ke cin nasara shi ne a tafiyar sannu. Kwale-kwalenmu ba ya hawa kan ruwa, tsaga shi yake yi, kuma irin wannan jirgi in kana son ninka gudunsa sau biyu, ƙarfin da zai nema ya kan kai ninki takwas. Juya maganar: ka rage gudu da rabi, wutar da kake ci ta faɗo warwas. Nawa jirgin, da kaya madaidaici, kilowat ɗaya yana tafiyar da shi kilomita 6 zuwa 7 a awa, na auna da wayar hannu ba sau ɗaya ba. Batirina na yanzu na litiyam ne, irin da ake rubuta wa LiFePO4, bolt 48 amfiya 100, wajen kilowat 5 na awa, mutum biyu suna ɗaga shi ba wahala. Yana ba ni awa huɗu cikin kwanciyar hankali. Ƙa'idata ita ce in raba wutar gida uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba na taɓa shi, na iska ne. Wasu abokan sana'a suna cewa na cika tsoro, ana iya cin litiyam har kashi 90 cikin 100. Gaskiya ne ana iyawa. Ni dai na riga na kwana a hannun iska sau ɗaya. Tunga mai nisa kuwa, ko ranar da sama ba ta yi mini ba, injin fetur nake ɗaurawa ba tare da jin kunyar kowa ba.

Batiran motar nan biyu ko wata huɗu ba su yi ba. Batirin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa kaɗan a tayar da inji, nan take a mayar masa. In kana tsotse shi har ƙasa kullum, farantan cikinsa sirara ne, sai su zube. In dalma ce ƙarfinka, nemi na sola mai jure tsotsa, kuma ka san zafi maƙiyinsa ne: an auna rayuwarsa a kan digiri 25, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba ta biyu, mu kuwa a Maris da Afrilu muna haura 40. Kada ka bar shi a rana tsirara, kada ka ajiye shi a gindin jirgi inda ruwa ke taruwa. Ni akwatin katako na yi masa mai ƙafa, da murfi, da ramukan shan iska. In mai buɗewa ne, ruwan batir na kwalba kawai za ka ƙara, ba ruwan tafki ba, ba asid ba. Sabo da tsoho ba sa zama a layi ɗaya, tsohon zai janyo sabon ƙasa.

Masu sayen litiyam kuma, ku ji tsoron Allah ku daina sayen waɗanda aka harhaɗa da tsofaffin batiran kwamfuta aka naɗe da salatif. Irin wannan in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi da sauƙi, kai kuma kana cikin jirgin katako. Ka tabbata akwai na'urar kariya a cikinsa mai yanke wuta in ya cika ko ya yi ƙasa, kuma kada ka caja shi da cajar batirin dalma.

Waya: wat 1000 a kan bolt 12 amfiya 83 ne, a kan bolt 48 kuwa 21 ne kacal. Shi ya sa na bar 12. Sa waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla, gajeriya, a ɗaure da noti, da fis dab da kan batir. Maƙalar nan mai kama da bakin kada ta gwaji ce a gareji.

Farantin sola ma ana yi masa kallon da bai dace ba. Mutum zai kafa guda ɗaya a kan rumfar jirgi ya ce ai yanzu rana ce za ta tuƙa shi. Faranti mai wat 300 a wuni guda mai kyau bai fi ya tara maka kilowat ɗaya da rabi na awa ba, in hazon hunturu ya sauko ƙura ta kwanta a kai ya ragu sosai. Jirgin fasinja na Aditya da aka ƙaddamar a jihar Kerala ta Indiya a 2017, wanda ake yawan nuna wa mutane a bidiyo, yana ɗaukar mutum 75, amma rufinsa gaba ɗaya faranti ne na kilowat 20, ga batir a ciki, kuma tsallaken ruwa ne gajere yake yi a hankali. A kan siririn kwale-kwale, rumfar faranti mai tsayi tana kama iska tana neman kifar da kai. Nawa farantan huɗu a gida suke a kan rufin kwano, nan nake caji, ina goge su da tsumma mai laima kowace safiya kafin rana ta yi zafi.

Kuskure na biyu da ya ci mini inji sukutum shi ne gas. Tukunyar kilo 12.5 farashin gwamnati a lokacin sefa 6,500 ne, kowa ya lissafa ya ga ta fi fetur sauƙi. Na ga masu janareta suna sa ɗan kan da ke mayar da inji gas, yana aiki lafiya, hayaƙi kaɗan, fulogi fes. Na ce me zai hana. Na ɗaura wa tsohon injina, ya tashi da bugu ɗaya, muryarsa ta yi daɗi har mutane suka taru. Wani dattijo cikin masu saƙar kalli ya matso ya ce, "Malam, to man da kuke zubawa cikin fetur fa, ta ina zai shiga?" Na ce, "Baba, wannan sabon zamani ne, ba ya bukata." Ban yi minti ashirin a kan ruwa ba injin ya yi wata ƙara ya ƙame. Da na kwance shi, fistin ya manne da silinda, ya yi zane-zane kamar an ja shi a kan tsakuwa, boris ɗin ƙarƙashi sun yi shuɗi don zafi.

Dattijon nan ya fi ni gaskiya, ni da nake kiran kaina makanike. Injin da muke garwaya wa mai da fetur, mai bugu biyu, ba shi da tukunyar baƙin mai. Man da ke cikin fetur shi kaɗai ne ke shafe fistin da boris. Ka cire fetur ka sa gas, ka cire man ke nan, ƙarfe yana cin ƙarfe. Janareta da ke lafiya da gas mai bugu huɗu ne, mansa yana ƙasa a tukunyarsa. Wannan abu na san shi tun ina yaron gareji, kwaɗayin araha ne ya rufe mini ido. Kuma abin baƙin ciki, bayan nawa, injuna uku aka kawo mini da ciwo iri ɗaya, dukkansu masu su sun ji labarin nawa. Haba jama'a! Sai kowa ya ƙona nasa kafin ya yarda? In kunne ya ji ai jiki ya tsira.

Gas yana yiwuwa a kan mai bugu huɗu, har akwai kamfanoni irin su Tohatsu da Mercury da ke ƙera ƙaramin inji mai doki 5 wanda da gas aka yi shi tun daga masana'anta. Amma ko a nan akwai abin da ba a wasa da shi. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya a fili iska ta kwashe shi, in ya tsiyaya a cikin jirgi sai ya gangara ya kwanta a gindi kamar ruwa a kwarya, ba ka ganinsa, yana jiran mai kunna taba ko mai hura gawayin shayi. Tukunya a tsaye take zama, a ɗaure, a sama inda abin da ya tsiyaya zai zuba waje. Tiyo na gas ne, ba na ban-ruwa ba. Ni da kumfar sabulu nake bin kowace mahaɗa kafin fita, in na ga ƙwai ya taso ba inda za ni.

Kananzir kuwa magana ɗaya ce: ba ya cikin mai tsabta, kuma in ka zuba shi a injin fetur zai yi ta ƙwanƙwasa har ya huda fistin. Yamaha tana da injuna na musamman masu aiki da kananzir, su ma da fetur ake tayar da su. Masu injin dizal da ke tambayata ko man auduga na girki zai yi, tunda ga shi ana tatsarsa a Garwa: ɗanyensa ya fi man dizal kauri wajen sau goma, zai toshe nozul ya daskare a rin ɗin fistin, kuma a kasuwa ma bai fi arha ba.

Yanzu bari in juyo kan waɗanda ba su da halin sauya komai, domin su ne mafi yawa, kuma su ne suka fi ba ni haushi. Kana kukan tsadar mai, amma daga ka bar gaɓa sai ka murɗe inji har ƙarshe kamar ana bin ka. Mai doki 40 a haka yana shan kusan lita 20 a awa. Ka sassauta hannu zuwa kashi uku cikin huɗu, gudun da za ka rasa kaɗan ne, man da zai rage maka a jarka kai da kanka za ka gani da yamma. Wannan gyara ba ya cin ko dala. Sannan awon mai: yawancin injunan nan kashi 1 cikin 50 suke so, wato rabin lita na mai a jarka mai lita 25, sabon inji kuma a ninka masa a kwanakin farko, a duba littafinsa. Amma sai ka ga mutum yana tuttulawa da ido, wai gara ya yi yawa. Yawansa ne ke kashe fulogi, ya toshe salansa, ya bar wannan shuɗin hayaƙin da ke bin jirgi. Mafi muni su ne masu zuba baƙin man da aka juye daga mota. Wannan ba tattali ba ne, guba ce kake zuba wa injinka da ruwan da 'ya'yanka ke sha. Nemi mai na injin ruwa, wanda aka rubuta wa TC-W3, ka yanke gorar roba ka yi mata alama, ita ce ma'auninka har abada.

A san kuma cewa mai bugu biyu mai kafireta, ko yana da lafiya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mansa yana fita ta salansa bai ƙone ba, kai tsaye cikin ruwa. Dalilin da ya sa aka hana irinsa a tafkin Tahoe na Amurka tun 1999 ke nan. Mu ba mu kai nan ba, amma duk wanda injinsa ya mutu zai sayi wani, ina ba shi shawarar mai bugu huɗu: ya fi tsada, ya fi nauyi, amma shan mansa ya yi ƙasa sosai kuma ba ya zubar da mai a ruwa. Sai dai masu sabon shiga suna kashe shi ta hanya biyu. Suna mantawa da juyen mai, wanda ake yi bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Kuma suna kwantar da shi ta kowane gefe kamar yadda suka saba da tsohon, mai ya gangara ya cika silinda, da safe a ja igiya ta ƙi motsi. Akwai alama a jikinsa da ke nuna gefen kwanciya, a duba.

Zuwa-zuwa a tace shi da kyalle mai tsabta a bar shi ya kwanta, ruwa da laka suna zama a ƙasa, kada a juye har ƙarshen jarka. Farfela mai lanƙwasa ko karyayyen kunne tana shan mai a banza. Duk mako a cire ta a duba bayanta, domin zaren kalli yana naɗewa a wurin ya yanke robar da ke tare ruwa; a injin fetur man giya ne zai koma fari kamar nono, a na lantarki kuwa ruwa ne zai shiga cikin motar kanta, shi ke nan an gama.

Akwai abu ɗaya da nake roƙo da babbar murya, tunda batiran da suka mutu sun fara yawa a bakin ruwa. Na ga ana fasa su, a tuttular da asid ɗin a gaɓa, a kwashe dalmar a narka a tsakar gida domin yin nauyin kalli da birgi, wani lokaci a murhun da ake girki, yara suna tsugune suna kallo. Dalma ba ta fita daga jikin yaro da sauƙi, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba ta nuna alama sai ta yi ɓarna. A Zamfara a 2010 ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Mataccen batir a bar shi a rufe yadda yake, kada a fasa, a kai wa masu sayen tsofaffi su ba ka kuɗinsa. Nawa guda biyun nan haka na ɗora su a mota zuwa Garwa, abin da aka ba ni na ƙara na sayi filafili biyu da gwangwala, suna cikin jirgin ko da wane inji na fita.